Hasumiyar Gobarau: Tarihinta, Gininta, da Abin da Ya Wajaba a Kanmu

Jawabin da Ma'aikacin Watsa Labarai ya yi wa Hakimai da Malamansu na ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu

  

Ina neman ahuwa tun da fari, gama abin da aka sa ni in yi magana a kansa tarihi ne, tarihi kuwa a bakinku muka ji shi. Yaro ne ni a gabanku, saboda haka ba koyarwa na zo yi ba, tuni ne kawai. Zan ba da labarin wani tsohon gini da ke birnin Katsina, watau Hasumiyar Gobarau, in faɗi wanda ya gina ta, da amfanin da ta yi wa mutanen dā, da yadda aka gina ta, kāna in kawo maganar gida. Nufina shi ne in nuna cewa ginin ƙasa ba ya tsayuwa don ƙarfinsa kaɗai, sai in yana da mai kula da shi, mai kulan nan kuwa a ƙasarmu ba wani ba ne, ku ne.

Me ya haɗa mu da Gobarau?

Watakila wani ya ce, ina ruwan mutumin Zamfara da hasumiyar Katsinawa? Amsa tana cikin sarautunku. Sarkin Gusau, Sarkin Katsinan Gusau ake ce masa. Sarkin Tsafe kuwa, 'Yandoton Tsafe. Dalili shi ne wannan yanki namu a dā gefe ne na ƙasar da ake kira Katsinar Laka, watau kudanci da yammacin daular Katsina. Garin 'Yandoto, wanda ke kan hanyar Tsafe zuwa Gusau, tsohon gari ne na malamai, ɗalibai kan zo masa daga nesa. Daga can ne Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya taso, shi ne ya kafa Gusau a zamanin jihadi.

Har wa yau, labarin da Katsinawa suka gada ya ce Muhammadu Korau, sarkinsu na farko Musulmi, mutumin 'Yandoto ne. An ce gwanin kokawa ne, ya kā da Sanau, sarki na ƙarshe daga zuriyar Durɓawa, a gindin wata tsamiya da ake kira Bawada, ya yanka shi da takobin nan Gajere, ya hau gadon sarauta. Takobin yana cikin kayan sarautar Katsina har yanzu, fadar kuwa Gidan Korau ake kiranta. To, a zamanin wannan Korau ne aka ce an fara ginin masallacin Gobarau. Ashe ke nan in mun yi maganarta, maganar ɗan ƙasarmu muke yi.

Asalin ginin

Masu tarihi sun kasu biyu game da shekarun sarautar Korau. Waɗansu sun sa shi daga 1348 zuwa 1398, waɗansu kuwa sun kawo shi wajen 1445 zuwa 1495. Ko wanne aka ɗauka, asalin ginin ya wuce shekara 500. Masu ra'ayi na biyu suna haɗa ginin da zuwan Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Almagili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, wanda ya biyo ta Tuwat da Azbin, ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya zo Katsina wajen 1493. A cikin waɗannan shekaru Katsina ta yi suna har Masar, domin Shaihu Jalaluddini Suyuɗi ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashen nan, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim a ciki.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, hasumiyar ba ita kaɗai aka gina ba. Masallacin Juma'a ne aka gina, mai faɗi, hasumiya tana jikinsa don kiran salla. Akwai labarin da ake bayarwa game da alƙiblarsa. An ce malaman gari sun yi ittifaƙi a kan wata fuska, sai wani baƙon malami, Malam Jodoma, ya ce ba nan ba ne. Da gardama ta yi tsanani, sai ya nuna da sandarsa, jama'a suka hangi Ka'aba, aka kafa harsashi a kan abin da ya nuna, aka naɗa shi liman. Wannan labarin baka ne, na kawo shi kamar yadda ake faɗinsa, amma yana nuna mana irin girman da Katsinawa ke bai wa wurin.

Masallacin ya zama makaranta kuma. Katsina ta fitar da malamai da sunansu ya kai nesa, kamar su Wali Ɗan Marina, da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, da Muhammadu Alkatsinawi masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Aikinta wajen tsaron gari

Zamanin da muke magana a kansa zamanin yaƙi ne. Katsina ta sha karawa da Kano, da Sanwai, da Kwararrafa, da Gobir. Bayan da masu jihadi suka ci birnin a 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can suka yi ta kawo hari, su da Gobirawan Tsibiri, har ƙarshen ƙarni na 19. Ƙasarmu ta nan ma ba ta tsira daga wannan hari ba.

Tsaron birni a lokacin hawa-hawa ne. Daga waje akwai sarƙaƙiya, sai gwalalo, watau ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, sa'an nan ganuwa kanta, da badala ta ciki inda 'yan baka ke tsayawa. Ƙofofi suna da ƙyamare masu nauyi, kowace da Sarkin Ƙofarta. A Katsina akwai Ƙofar Ƙaura, da Ƙofar Ƙwaya, da Ƙofar Durɓi, da Ƙofar Sauri, da Ƙofar Marusa, da Ƙofar Guga, da Ƙofar 'Yanɗaka. Bature mai yawon duniya, Dakta Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarimu, ya iso Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14. An yi ta da faɗi haka domin a sami gonaki da makiyaya a ciki, kuma mutanen ƙauyuka su sami wurin fakewa da dabbobinsu.

To, amma duk wannan shiri banza ne in maƙiyi ya iso ƙofa tana buɗe, manoma suna gona, mata suna rafi. Abin da gari ya fi bukata shi ne labari da wuri. Nan ne amfanin hasumiya ya fito, domin a lokacin ita ce gini mafi tsawo a birnin, daga kanta ake hangen mahara.

Ga ɗan lissafi wanda malamai za su iya gwadawa. Da yake duniya a dunƙule take, mutum in yana tsaye a fili, ba dutse ba itace, iyakar ƙasar da idonsa zai kai kamar mil 3 ne. In ya hau abu mai tsawon ƙafa 50, sai ganinsa ya kai kamar mil 9. Ƙurar dawaki kuwa, da yake sama take tashi, ana hangenta daga wurin da ya fi haka nisa. Rundunar dawaki da ta yi tafiya mai nisa ba ta cin mil 9 sai ta yi wajen sa'a guda. A cikin sa'an nan guda ake buga kuge da tambari, a koro shanu, manoma su shigo, a rufe ƙofofi, barade su ɗaura sirdi. Ƙasar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa tsawo kaɗan ya yi amfani mai yawa.

Yana da kyau mu gwada ta da irin ta Turawa don mu ga bambanci. A birnin Landan akwai Farar Hasumiya, wadda Sarki Wiliyam ya fara ginawa wajen 1078. Da dutse aka yi ta, tsawonta ƙafa 90, kaurin bangonta daga ƙasa ƙafa 15. An gina ta ne don sarki da sojansa su shige ciki su yi ta yaƙi, ko da an ci sauran gari. Gobarau ba don haka aka yi ta ba. Yaƙi aikin ganuwa ne da mazajen da ke kanta. Aikin hasumiya gani ne da kira: ladan ya kira salla sau biyar a yini, mai tsaro ya yi gangami ranar tsoro. 'Yar'uwarta ta kusa ita ce hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasar Nijar, wadda aka fara ginawa wajen 1515, aka sāke ta a 1844. Tsawonta mita 27 ne, ita ma ta ƙasa ce, ita ma an yi hangen mahara daga kanta.

A nan ƙasarmu Allah ya hutar da kakanninmu ginin irin wannan, gama ya ba su duwatsu. Wanda ya hau Dutsen Kwatarkwashi, ko duwatsun Tsafe, ya san irin nisan da ido ke kaiwa daga can. Abin da ya sa aka kafa tsofaffin garuruwa a kan duwatsun nan da gindinsu ke nan. Dabara ɗaya ce da ta Gobarau.

Yadda aka gina ta

Hasumiyar da ke tsaye yau tsawonta wajen ƙafa 50 ne, watau kamar mita 15. Mai kusurwa huɗu ce, hawa uku, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, da matakala da ake bi har sama. Ba ado ne ya sa aka yi ta haka ba. Ƙasa tana ɗaukar nauyin da ya danne ta daga sama, amma ba ta jure abin da zai ja ta ko ya karkata ta. Saboda haka magini yakan ba gini gindi mai faɗi, ya riƙa rage kauri yana hawa, yadda nauyi zai sauka a tsakiya.

Kayan aikin duka na gida ne. Na fari tubali. Akan haƙo jar ƙasa daga kududdufi, a jiƙa ta, a zuba mata ramno, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sāke cuɗawa, sa'an nan a mulmula da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya a rana har ya bushe sarai. Wajen gini akan jera shi tsininsa na duban sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bar sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Don haka ne ake gini da rani.

Na biyu azara, watau gangar giginya da aka tsaga. Gara ba ta cinta da sauƙi, tana kuwa daɗewa. Da ita ake rufi, da ita ake ɗaure bango. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tsakanin ya wuce kamar ƙafa 6, wannan ne ya sa magina suka ƙago bakan gizo da daurin guga, suna ɗora azara bisa azara har su haɗe a tsakiya. Wanda ya ke son ganin iyakar wannan gwaninta sai ya je tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu.

Na uku abin kare ruwa. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa, a kwaɓa da ƙasa, a yi yaɓe da ita. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, da gashin dabba daga majema, da ruwan dafara. Sai indararo, wanda ke jefa ruwan rufi nesa da bango. Amma makuba da laso ba su dawwama, sai an riƙa sabunta su bayan 'yan shekaru. Maginan dā sun san haka, shi ya sa kowane babban gari yake da Sarkin Magina, gyaran ganuwa da fada da masallaci kuwa aikin gayya ne bayan kaka. Mutanen Jenne ta ƙasar Mali ba su bar wannan al'ada ba, kowace shekara gari duka kan fito a yaɓe babban masallacinsu.

Yadda ta kusa ɓata

Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wanda ya yi sarauta daga 1807 zuwa 1835, ya gina sabon masallacin Juma'a, aka mai da salla can. Da jama'a suka daina taruwa a Gobarau, sai yaɓe ya tsaya. Ba maƙiyi ne ya rushe masallacin ba, damina ce ta yi ta cinsa kaɗan-kaɗan har ya kwanta, hasumiyar ma ta zaizaye. Sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka tara magina suka tayar da ita. Saboda haka in kun ji ana cewa ta dā ta fi ta yanzu tsawo, ku sani jikin da muke gani gyararre ne a kan tsohon tushe. Daga baya Gwamnati ta sa ta cikin gine-ginen tarihi na ƙasa waɗanda doka ta kare. An yi dokar kayan tarihi a 1953, aka sāke ta a 1979, lokacin da aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Ku dubi bambanci. Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda aka ci a 1808, ba wanda ya koma ya yi masa yaɓe, yau kufai ne. Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci kafin wannan, haka. Gobarau ta sami sarki guda da ya ce a gyara, ga ta nan tsaye, 'yan makaranta suna zuwa kallo.

Maganar gida

Ranku ya daɗe, Gusau ma birni ne mai ganuwa da ƙofofi. Yau yaro yakan ce zai tafi Ƙofar Mani ko Ƙofar Jange, alhali bai taɓa ganin ƙofa a wurin ba, suna kaɗai ya rage. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratso ta nan ta kai Ƙaurar Namoda a 1929, gari ya yi ta faɗi, ganuwa ta yi ta ja da baya. A garuruwa da yawa na ƙasashenku akwai sauran ganuwa, da tsofaffin zauruka, da masallatai, da kufai, da marina. Abubuwa uku ke cinye su: ruwa, wanda namu ya fi na birnin Katsina yawa; masu ɗibar ƙasa don yin bulo; da masu yanka filaye. Akwai na huɗu kuma, wanda da kyakkyawar niyya ake yinsa, watau shafe tsohon bangon ƙasa da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa, yakan tsare danshi a ciki, bango ya ruɓe ta ciki ba a sani ba, ran nan sai a ga ya zube gaba ɗaya.

Ga abin da ake roƙonku:

1. Kowane hakimi ya sa dagatai da masu unguwanni su kawo masa sunan kowane tsohon gini, da ragowar ganuwa, da kufai da ke ƙasarsu.

2. Malamin hakimi ya buɗe littafi na musamman. Ya rubuta sunan wuri, da inda yake, da tsawonsa da kaurinsa a ma'aunin ƙafa, da halin da yake ciki, da kwanan watan da aka duba. In da hali a ɗauki hoto.

3. A zauna da tsofaffi, maza da mata, musamman magina da makaɗa da zuriyar sarakunan ƙofa, a rubuta abin da suka ji daga iyayensu. A rubuta kamar yadda suka faɗa, da sunan mai faɗin, kada a gyara, kada a ƙara. In biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun.

4. A hana ɗibar ƙasa daga jikin ganuwa, da zuba shara a gindinta, da ba da fili a kanta.

5. Bayan kaka a duba tsaga da indararo da gindin bango, a kira maginan gargajiya su gyara da irin kayan da aka yi ginin da su. A sa matasa su kama musu, don sana'ar kada ta bi tsofaffi kabari.

6. In an tono tukwane, ko gumakan ƙasa, ko tsofaffin makamai, ko littattafai, kada a sayar wa dillalai, gama doka ta hana. A sanar da masarauta da ƙaramar hukuma, su kuma su sanar da Hukumar Gidajen Tarihi.

Saura magana ɗaya. Ba na cewa ginin ƙasa zai tsare gari a yau, zamanin doki da kibiya ya wuce. Amma duk mun san halin da ƙauyukanmu ke ciki game da ɓarayin daji. Abin da mai tsaron Gobarau ya riƙe bai tsufa ba: ya ga abu da wuri, ya faɗa da wuri, ya faɗa wa wanda ya dace, bai ƙara ba bai rage ba. Labarin da ya tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga alƙalamin malami zuwa hukuma, shi ne ke ba jama'a sa'an nan guda da na ambata. In ya kwana a hanya, amfaninsa ya tafi.

Wanda tafiya ta kai shi Katsina, ina roƙonsa ya ratse ya ga Gobarau, ba ta da nisa da Gidan Korau, ya kuma tafi da malaminsa da littafinsa. Allah ya ja zamaninku, ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu bar wa na baya abin da na gaba suka bar mana. Amin.